Yaya Ce Ke Amsa Wa Likita

A kowane dangi akwai mutum guda da ake nema idan ciwo ya tashi. A nasu dangin, Yaya ce. Ba ta taɓa aikin asibiti ba. Ɗinki take yi a wani ɗan shago a bakin layinsu, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Amma da zarar an ce wane ya kwana da zazzaɓi, ko wance ta fara naƙuda, sai ta ɗauke ƙafa daga kan keke, ta ja ƙofa da kayan mutane a yanke, ta saɓi jaka ta yi gaba. Masu kawo ɗinki sun yi ƙorafi har sun gaji.

Jakar nan kuwa abin kallo ce. Katin asibitin kowa yana ciki, ɗaure da roba: na ƙannenta, na matansu, na 'ya'yansu, har da na wata gwaggo da ta rasu tuntuni, don Yaya ba ta yar da kati. Akwai kofi da cokali, akwai tsohon zani na shimfiɗawa a benci. Ta san tagar da layinta ya fi sauri, ta san mai yankan kati har da sunayen 'ya'yansa. In aka kira marar lafiya, ita ke fara miƙewa. In aka shiga, ita ke zama a kujerar da ke gaban likita, mai ciwo ya raɓe a ta gefe kamar wanda ya rako ta.

Kuma ita ke magana. Likita zai dubi mutum ya ce, “Ina ke maka ciwo?” Kafin bawan Allah ya haɗiye yawu, Yaya ta riga ta dafa wurin a jikinta, ta faɗi ranar da abin ya fara da abin da aka ci kafin ya fara. 'Yan gida suna yi mata tsiya wai ko haƙorinka ke ciwo, Yaya ta fi ka sanin wanne ne. Tsiyar tana yi mata daɗi. Kuma a faɗi gaskiya, ta yi wa mutane rana. Akwai waɗanda in suka ga farar riga sai bakinsu ya mutu, su koma gida ba su faɗi rabin abin da ya kawo su ba.

Wannan hali ba daga sama ya faɗo mata ba. Babansu bakanike ne, mai hannu ƙwarai, amma yana sha. Uwarsu ta rasu Auta yana rarrafe, aka bar Yaya, budurwa, da ƙanne a gaba da goyo a baya. Da cikin baban ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya, ita ta kai shi asibiti. Wata safiya babban likita ya zo zagaye da ɗalibai a bayansa, ya tsaya a bakin gadon, ya danna cikin, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen ɗaki zai ji.

“Shekara nawa ya yi yana shan giya?”

Baban ya rufe ido. Duk ɗakin ya juyo yana kallonta, ga Auta a bayanta yana jan ɗankwalinta. Ta faɗa. A cikin masu dubiya a gadon gefe akwai wata mata 'yar layinsu. Abin da a da ake faɗa da raɗa, kafin a yi jana'izar baban ya koma sunansu: 'ya'yan mashayi. Wanda ke neman aurenta ya ɗauke ƙafa ba ko sallama.

Tun daga ranar Yaya ta ƙudurta a ranta cewa ba za a sake tsayar da wani nata a yi masa wannan tambayar ba. Shekaru ta yi tana wanke sunan gidan da allura da zare. Ta aurar da ƙannen ɗaya bayan ɗaya. Ita ma ta yi aure daga baya, bai daɗe ba, ba ta haihu ba, ta dawo. Ba ta damu sosai ba, ko kuwa ta nuna ba ta damu ba, don tana da Auta. Shi ne ɗanta, ko da ya yi gemu.

Auta ya tashi kafinta, mai rufin gidaje. Mutum ne marar hayaniya, mai yawan murmushi, kuma idan ya hau sama sai ka rantse a can aka haife shi. Yana tafiya kan katako mai faɗin tafin hannu da ƙusoshi a baki, yana wa na ƙasa ba'a ta gefen leɓe. Yaya ba ta iya kallonsa a sama, amma tana son a ce mata rufin gidan wane aikin ƙaninta ne.

Wata shekara wani gungumen katako ya suɓuce wa abokin aikinsa, Auta ya tare shi da ƙugu. Bayansa ya riƙe. Aiki kuwa ba ya jiran mai ciwon baya, ga mata ga jaririya. Wani a wurin aikin ya miƙa masa ƙwayar tramol, ya ce ya haɗiya ya ga ikon Allah. Ya gani. Ranar ya yi aikin mutum biyu. Daga guda ya koma biyu, daga biyu ya daina ƙirgawa, har ta kai ba don bayan yake sha ba, don dai ya iya tashi daga kan katifa. In bai samu ba sai gumi, sai hamma, sai ƙafafu su hana shi zama.

Matarsa ce ta fara ganewa. Wata rana da hantsi ta zo shago da yarinya a baya, ta jira mai kawo ɗinki ta fita, sannan ta kwance bakin zaninta ta zazzage fankon ƙwayoyi a kan teburin yanka.

“A jakar kayan aikinsa na gani, Yaya, ƙarƙashin ƙusoshi. Ba ya cin abinci, ba ya barci. Jiya yarinyar nan ta taɓa masa waya, ya daka mata tsawar da ban taɓa ji ba.”

Yaya ta dubi fankon. Gabanta ya faɗi, faɗuwar da ta sani tun tana budurwa. Ta kai hannu ta share su cikin buhun ƙyallaye, ta danna da ƙafa.

“Maganin ciwon baya ne. Ke ba ki san aikin ƙarfi ba.”

“Yaya, duk wannan?”

“Na ce maganin ciwon baya ne. Kuma mace mai hankali ba ta binciken jakar miji. Kada in ji maganar nan a bakin kowa, ko uwarki.”

Matar Auta ta goge ido ta tafi. Yaya ta koma kan keke, ta ɗinke hannun riga a baibai, ta farke, ta sake. Ta ce a ranta za ta kira shi ta yi masa faɗa a tsakaninsu. Ya zo, ta dube shi, ya yi mata murmushin nan, sai ta tambaye shi ko yana son ta rage masa wandon da ya yi masa yawa.

Ba a jima ba, wata safiya yana ɗaura takalmi zai fita, ya kife. Jikinsa ya sandare, sannan ya kama karkarwa, ya ciji harshe, kumfa da jini a baki. Matar ta yi ihu, maƙwabta suka taru. Kafin Yaya ta iso ya farfaɗo, yana zaune yana kallon mutane kamar bai san su ba. Ta kore kowa, ta wanke masa fuska, ta sa aka tsayar da mota.

A asibitin an kawo wani sabon tsari. Kafin a ga likita, sai an bi ta wani ƙaramin ɗaki inda wata nas ke auna jini da nauyi, sannan ta yi wa mutum 'yan tambayoyi: yana shan taba, yana shan giya, yana shan wata ƙwaya ko maganin tari ba da izinin likita ba. Kowa ake tambaya, har tsofaffi masu sanda. A benci mutane suna ta dariyar abin, wata tsohuwa tana cewa ita dai ta amsa laifin shan shayi. Yaya ba ta yi dariya ba.

Da aka kira Auta, ta ce wa matarsa ta zauna da yarinya. Ita da ta ga faɗuwar da idonta aka bari a benci. Nas ɗin, wadda kowa ke kira Sista, mace ce mai sanyin murya, ta ɗan manyanta. Ta gama awo, ta cire abin daga hannunsa, ta dubi Yaya.

“Hajiya, ki ɗan ba mu wuri kaɗan. Yanzu zan kira ki.”

“Wuri? Ƙanena ne. Ni na goya shi.”

“Na sani. Haka muke yi wa kowa, ko miji da mata.”

“To ni ba kowa ba ce. Yi tambayarki.”

Sista ta dubi Auta. “Malam, ka yarda ta zauna?”

Me zai ce? Ya sunkuyar da kai ya ce ba komai. Sista ta juya kujerarta ta fuskance shi sosai, ta yi ƙasa da murya. Ta ce ba don a kama kowa ake tambaya ba, ba kuma don a faɗa wa kowa ba. Ta ce akwai magungunan da mutum ke fara sha don ciwo, su zo su riƙe shi, kuma in an sani da wuri abin yana da sauƙi. Sannan ta tambaya.

“Subhanallahi!” in ji Yaya. “Wannan ko taba bai taɓa sawa a baki ba. Dube shi da kyau, ya yi miki kama da ɗan ƙwaya? Magidanci ne, da sana'arsa.”

“Magidanta ma suna ciwon baya, Hajiya. Malam, kai nake saurare.”

Auta ya motsa baki. Harshen ya kumbura, maganar tana fita da ƙyar. Ya saci kallon Yaya, ya ga yadda ta ƙanƙame jaka a ƙirji.

“Yadda ta faɗa,” ya ce.

Sista ba ta ja ba. Tana miƙa masa katinsa ta ce, “Ina nan kullum da safe. Kuma nan ba sai da rakiya ake zuwa ba.” Yaya ta karɓe katin daga hannunsa ta mayar cikin roba.

A gaban likita ma haka aka yi. Yaya ta ce jiri ne ya ɗebe shi don ya fita bai karya ba, ya faɗi ya ciji harshe. Sandarewa da karkarwa ba ta ambace su ba, don ta san sunan da 'yan layinsu ke ba wa irin wannan faɗuwar, kuma gidansu ya ɗauki suna ɗaya ya ishe shi. Likita, da layi har bakin ƙofa, ya rubuta gwajin jini da maganin ƙarin kuzari, ya ce a riƙa cin abinci. Suka fito Yaya tana jin kamar ta tsallake rijiya da yaro a hannu. Auta ya huta kwana biyu ya koma sama.

Bayan 'yan makonni, tana tsaka da auna wata mata, wayarta ta yi ƙara. Mai yankan kati ne na asibiti, mutumin kirki, wanda ta taɓa ɗinka wa 'ya'yansa kayan makaranta.

“Hajiya, ga ƙaninki nan ya zo wai a yanka masa sabon kati. Na ce haba, kai da kake da kati wurin Hajiya? Na dai ba shi takarda ya shiga, kada ya rasa layi. Na ce bari in gaya miki, na ga kamar ba ya jin daɗi, kuma shi kaɗai ne.”

Shi kaɗai. Kalmar ta soke ta. Ta bar matar da hannuwa a buɗe, ta fita da tef a wuya.

Ba ya benci. Ƙofar ƙaramin ɗakin ba ta gama rufuwa ba, don marfin ya kumbura tun damina. Ta kai hannu za ta tura, sai ta ji muryarsa. Ba ta taɓa jin ta haka ba, tana rawa kamar ta tsoho.

“Sista, wallahi na gaji. In ban sha ba, ba na iya riƙe guduma. In na sha, wani lokaci ina sama sai in ji kamar an kashe fitila an kunna. Ina tsoro. Ban san wa zan…”

Ta ji, sarai ta ji. Kuma akwai ɗan lokaci, gajere, da hannunta ya tsaya a kan ƙofar, wani abu a cikinta yana ce mata ta koma benci ta shimfiɗa zaninta ta jira. Sai ta waiga, ta ga mutanen benci, layi guda na idanu, ta ga wata mai kama da matar mai aski. Ta tura ƙofar.

“Auta! Ni za ka yi wa haka? Ka zo asibiti a ɓoye kamar marar kowa?”

Sista ta miƙe. Wannan karon muryarta ba sanyi. “Hajiya, don Allah ki fita. Muna magana.”

Yaya ba ta ko dube ta ba. Hawaye ne suka zubo mata, kuma ba na ƙarya ba ne. “Da bayana na goya ka. Na hana kaina komai don kada a nuna ku da baki. Yau ni ce bare? Me za ka faɗa wa wannan da ba za ka faɗa mini ba?”

“Yaya, ki yi haƙuri. Ba haka ba ne.”

“Malam, zauna,” in ji Sista. “Ka riga ka yi mai wuyar. Hajiya, minti kaɗan nake roƙo, don ransa.”

Amma Auta bai taɓa iya ganin kukan Yaya ba. Ya miƙe yana goge tafin hannu a wando. Ya ce wa Sista bayansa ne kawai ke damunsa, zai dawo wani lokaci. Sista ta biyo su har ƙofa.

“Ko ba ka dawo ba, ka ji wannan. Kada ka hau sama. Kuma kada ka yanke shan lokaci guda kai kaɗai. Ka dawo, ko gobe.”

“Allah ya kiyaye mu da gobenki,” in ji Yaya, ta ja hannunsa.

A hanya ta yi ta lallashinsa. Ta ce za su yi maganin abin a gida, a rufe, ita da shi, ba wanda zai ji. Ta ce zai daina, ai shi ba irin babansu ba ne. Wannan ne karo na farko da ta ambaci baban a gabansa tun yana yaro. Da za su tsallaka titi ta riƙe masa hannu, ya bar ta ta riƙe.

Maganar hawa sama ba ta sake tayar da ita ba. Yana da aiki a hannu, bene mai hawa biyu, in ya ajiye sai an tambayi dalili.

Abokan aikinsa sun ce yana kan ƙarshen rufin, da rana tsaka, ya ɗaga guduma, sai suka ga ya tsaya cak. Ɗaya ya ɗauka wasa ne har ya yi dariya. Ya faɗo kan tulin bulo.

A ɗakin gaggawa likita ya fito da jini a safar hannu, ya ce yana bukatar sanin ko akwai abin da mutumin nan yake sha, yanzu, don ya san abin da zai ba shi. Wurin cike yake da jama'a, 'yan aikin ginin da ƙura a jiki, 'yan layi da suka biyo mota. Yaya ta buɗe baki. Matar Auta ta riga ta.

“Tramol yake sha, likita. Da yawa, kullum, ya fi shekara. Kuma ya taɓa faɗuwa a gida yana karkarwa, a gabana.”

Likita ya gyaɗa kai ya koma ciki. Ba wanda ya yi salati, ba wanda ya dubi wani. Ɗaya daga cikin maginan ya ce a hankali, “Ai rabinmu muna sha.”

Auta bai mutu ba. Bayansa ya karye, kansa ya bugu. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai, hannun dama ya shanye, magana sai 'yan kalmomi da ba sa haɗuwa. Likitoci sun ce a yi haƙuri a ga abin da lokaci zai yi, da irin muryar da ake faɗar abin da ba a sa rai. Matarsa ta sami aikin wanke-wanke a wani gidan abinci, don dole a ci. Yaya ta rufe shago ta tare a gefen gadonsa. Ita da matar suna gaisawa, suna miƙa wa juna kwano, iyakarta ke nan.

Wata safiya ta fito da zanin gadon da ya ɓata a cikin bokiti, za ta famfo. A baranda ta yi kiciɓis da Sista, za ta ɗakinta. Yaya ta so ta kauce, wurin ba faɗi. Sista ta gaishe ta, ta tambayi mai jiki, ba wani zargi a fuskarta, abin da ya fi zagi ciwo. Har ta wuce, Yaya ta kira ta.

“Sista. Ranar nan, da na bar shi ya gama faɗa miki, me za ku yi masa?”

Sista ta juyo ta fuskance ta.

“Da mun haɗa shi da likita a ranar. A riƙa rage masa a hankali, a duba bayan a ba shi abin da ya dace. Ya yi aikin ƙasa na ɗan lokaci. Ya riƙa zuwa muna magana.”

“Sai kuma me?”

“Shi ke nan.”

“Ba kwantarwa? Ba a rubuta a kai wani wuri?”

“Ba a kai ko'ina. Akwai masu zuwa da yawa, Hajiya. Wasu kina gaisawa da su a benci.”

“Kuma suna dainawa?”

“Ba duka ba. Amma wanda ya kawo kansa da ƙafarsa, irinsa muka fi sa wa rai.”

Aka kira Sista daga ciki, ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta tafi. Yaya ta tsaya da bokiti a hannu har wani mai tura gado ya ce ta ba shi hanya. Ta ƙarasa famfo, ta tsuguna, ta buɗe ruwa a kan zanin. Sabulun ya kusa ƙarewa, ga shi kafin azahar sai an sake juya Auta.